Safar hannu ɗaya a jikin marasa lafiya goma

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan ma'aikatan asibitocinmu da kayan kariya, tunda sanyi ya shigo, kuma daga Disamba zuwa wajen Afrilu ne zazzaɓin Lassa ya fi tashi.

Mu dai sai an yi shela a rediyo cewa annoba ta ɓarke sannan za ka ga kowa da takunkumi, ga bokitin wanke hannu a bakin ƙofa, ga mai gadi yana auna maka zafi a goshi kamar lokacin korona. Da an kwana biyu bokitin ya bushe, takunkumin ya sauka haɓa, shikenan an koma gidan jiya. To ita Lassa farkonta zazzaɓi ne da ciwon kai da kasala, sak maleriya ko taifot, sai an yi ta ɗura magani ba sauƙi sannan a fara zargi, kafin nan kuwa nas nawa ta sa masa kanula, wa ya ɗebi jininsa, wa ya goge amansa? A farkon 2020 likitoci biyu suka rasu a Kano bayan tiyatar wata mai juna biyu da ba wanda ya san tana ɗauke da cutar, Allah ya jiƙansu. Tun 1969 ma da aka fara ganinta a garin Lassa na Borno, ma'aikatan jinya ta fara kashewa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne safar hannu. Za ka ga ma'aikaci ya sa guda ɗaya, ya taɓa wannan, ya gyara wa wancan ƙarin ruwa, ya ɗaga waya, ya rubuta a fayil, duk bai canza ba, wai ya kare kansa. Ya kare kansa ɗin, amma fa ya zama shi ne mai rabon cutar daga gado zuwa gado. Gara wanda ke wanke hannu da sabulu bayan kowane mara lafiya da wannan. Wani kuma in ka yi magana ya ce ai abin da zai same ka sai ya same ka, ko ya ce shekara ashirin yana aiki ba abin da ya kama shi. Haba malam, ai addinin da ya koyar da tawakkali shi ne ya hana shiga garin da ake annoba.

Ba duka laifinsu ba ne, gaskiya. Asibitin da ɗan uwan mara lafiya ne zai fita kemis ya sayo safar hannu kafin a karɓi haihuwa, famfon ɗakin ba ruwa, ga zafi ba wuta, da wane baki za ka ce wa ungozoma ta canza safa sau goma? Masu shara da masu wankin zanin gado kuwa ba ma mai tuna su, da silifas suke kwasar alluran da aka yi amfani da su. Mu ma da namu, nas ta sa takunkumi sai tsohuwa ta ce ƙyamarta ake yi, majinyata biyar a gado ɗaya ana cin tuwo a kwano ɗaya.

Roƙona ga ma'aikatun lafiya na jihohi da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, a daina jiran annoba kafin a leƙo. A zo ba sanarwa, ƙarfe biyun dare, a murɗa famfon ɗakin haihuwa a gani, a ƙirga kwalin safar da ke emajensi, a tambayi mai shara yaushe rabon da a ba shi takalmin roba.

Na gode.
Mai karatunku daga Kano