Kun yi ta zancen ɓeraye, kun manta da masu sikila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na kimiyya na daren Asabar ya ɓata mini rai matuƙa. Malamin da kuka gayyato ya san aikinsa, wannan ba musu. Ya bayyana yadda DNA ke naɗe jikin furotin ɗin da ake kira histon kamar zare a mazari, in an cire masa ɗan sinadarin da ake kira asetil ko an liƙa masa wani mai suna metil a wasu gurabe sai naɗin ya tsuke, ƙwayar gadon da ke wurin ta yi shiru. To daga nan fa sai zancen gwaji a kan ɓeraye, sai yis, har lokaci ya ƙare. Ko sau ɗaya bai ambaci sikila ba! A Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan cuta a duniya.

Ɗiyata SS ce. Watanninta na farko lafiya ƙalau, har kakarta na cewa gwajin asibiti ƙarya ne. Wajen wata shida hannuwa da ƙafafu suka kumbura, ko zani ya taɓa ta sai ihu. Likitarta ce ta zaunar da ni ta ce jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, himogulobin F, shi ke kare ta, kuma bayan haihuwa jiki da kansa yake rufe ƙwayar gadonsa. Furotin BCL11A ke jagorantar rufewar, shi ke jawo masu cire asetil ɗin nan daga histon. Wato abin da malaminku ya yi ta nanatawa, shi ke kwantar mana da yara ana ƙara musu ruwa da jini. Maganin haidroksiyuriya da take sha kullum, aikinsa ɗaga wannan jini na jarirai. Casgevy kuwa, maganin gyaran ƙwayoyin gado da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, BCL11A ɗin yake gurguntawa. Dala miliyan 2.2 ne a Amurka, mu sai dai labari.

Iyaye nawa suka saurare ku ba su san zancen 'ya'yansu ake yi ba? Ku dawo da malamin, ku haɗa shi da likitan jini.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Kullum mutanen nan dai ke samun shiga, su ƙare mana minti biyar wajen gaida abokansu na kasuwa, mu masu tambaya muna ta bugawa.

Wassalam,
Wata uwa daga Gusau