Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ƙanwata ta Tudun Wada: kada ki sayi firizar tukuna

Assalamu alaikum ƙanwata,

Tambayar da kika bugo waya kika yi mini a shirin rediyo na makon jiya ba ta samu amsar da ta cancanta ba, lokaci ya ƙure mana. Ga abin da kika ce, don waɗanda ba su saurara ba. Kin kwashi adashi, naira dubu 500. Kin lura matan da ke fita aiki a garin nan na Kaduna suna dawowa gida a gajiye, ga cefane, ga layin markaɗe, miya ba ta sauka sai bayan isha'i. Kina so ki riƙa markaɗa kayan miya, ki tafasa, ki zuba a roba, ki daskarar, ki kai musu har gida. Duk wanda kika faɗa wa ya ce dabara ce mai kyau, kuma babu mai yi a unguwarku. Shi ne kike tambaya, ki sayi firiza da injin markaɗe ki fara, ko da sauran abin dubawa?

Da saura. Kin hango matsala ta gaske, amma har yanzu ba ki da shaidar cewa akwai wadda za ta ciro kuɗi daga jakarta ta ba ki don ki ɗauke mata ita, ta kuma dawo mako mai zuwa. Wannan shaidar ana samun ta cikin wata guda da rabi, da abin da bai wuce dubu 50 ba. Sauran dubu 450 ki bar su inda hannunki ba zai kai gare su da sauƙi ba.

Yabon da kika sha kada ki sa shi a lissafi. Mutanenmu masu kara ne. Ƙawarki ba za ta dubi idonki ta ce ba za ta saya ba, za ta ce Allah ya sa albarka, Allah ya kawo kasuwa, kuma har zuciyarta take nufi. Amma addu'a ta yi miki, ba ta ce ki kawo mata lita biyu ranar Laraba ba.

Batun babu mai yi kuwa, shi ya fi sa ni tsayawa. Wataƙila babu wadda ta hango. Wataƙila kuma wasu sun gwada sun ci karo da abin da ke ba ki gani ba tukuna. Sannan matan nan ai ba su daina cin miya ba. Wata tana amfani da tumatirin leda ko na gwangwani. Wata tana jiƙa kauɗa. Wata tana da 'yar aiki, wata almajirin gidan take aika markaɗe, wata kuma ranar Asabar take shiga kasuwar Bakin Dogo ta saro na mako biyu ta tafasa da kanta. Waɗannan su ne abokan takararki, kuma duk sun riga ki shiga kicin ɗin. Idan ba ki fi su sauƙi ko ɗanɗano ko kwanciyar hankali ba, ba za a bar su a zo gare ki ba.

Saboda haka makon farko da na biyu ba na girki ba ne, na hira ne. Ki nemi mata 30 waɗanda ba 'yan uwanki ba, ba ƙawayenki ba: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, matan sakatariya, ma'aikatan bankunan da ke titin Yakubu Gowon da na Ahmadu Bello. Kada ki fara da ba su labarin sana'arki, kuma kada ki tambayi kowa ko za ta saya, domin amsar wannan kullum i ce. Abin da ya riga ya faru za ki tambaya. Jiya wace miya aka ci a gidan? Wa ya yi cefanen, a ina, nawa aka kashe? Wa ya kai markaɗe, kuma ƙarfe nawa aka sauke? A watan nan sau nawa aka haƙura aka sayo abincin waje saboda dare ya yi? Ta taɓa biyan wani ya yi mata wannan aikin? Ki rubuta amsoshin a littafi da kin fito, da kalmominta. Wadda ta ce abin yana damun ta amma ba ta taɓa kashe ko sisi a kansa ba, damuwarta ba ta kai ta ciniki ba. Wadda take biyan yarinya kowane mako don wanke-wanken kayan miya da kai markaɗe, ita kike nema.

Tambayoyi biyu ne ake yawan tsallakewa, kuma su ne ke kashe irin wannan sana'a. Ta farko, a hannun wa kuɗin cefane yake? A gidaje da yawa maigida ne ke tsayawa kasuwa a hanyarsa ta dawowa ya shigo da leda. Idan haka ne, uwargida ce mai wahalar amma ba ita ce mai biya ba, sai dai idan ta yarda ta taɓa albashinta. Ta biyu, awa nawa suke samun wuta a rana? Ki ba mace lita biyu daskararriya a layin da Nepa ke yin kwana biyu ba ta leƙo ba, ranar ta uku miyar ta yi tsami, kuma sunanki za a kira, ba na kamfanin wuta ba. Irin wannan gidan ƙaramar roba ta tukunya ɗaya ce ta dace da shi. Ki kuma saurari zancen tsafta da kyau. Abu na farko da zai zo wa mai saye shi ne ko fasasshen tumatir mai araha aka markaɗa mata, tunda ba ta gani ba.

Daga cikin 30 ɗin ki koma wurin waɗanda amsarsu ta nuna suna kashe kuɗi a kan matsalar. Yanzu ne za ki faɗi abin da kike sayarwa, da farashinsa, ki nemi kafin alƙalami: kuɗin mako ɗaya a hannu, ko ta turawa. Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan cinikin salam, kuma sharaɗin da ya zo a hadisi shi ne a fayyace awo da lokaci. Wannan sharaɗin shi ne ma zai kare ki daga rigima: lita nawa, me da me a ciki, yaji sosai ko kaɗan, wace rana, ƙarfe nawa. Idan mata 10 suka biya, ki fara. Idan biyu ne suka biya sauran suka ce sai an yi albashi, kin samu amsa, kuma kuɗin mota kawai kika kashe.

A gwajin nan ba kya buƙatar sayen komai mai tsada. Mai injin markaɗe na layinku ya isa, da sharaɗin a ɗauraye injin a gabanki, domin wanda ya riga ki wataƙila wake ko gero ya kawo. Babbar tukunyar gidanku ta isa. Ki dafa ki kai a ranar, ba sai an daskarar ba. Abin da za ki saya shi ne robobi masu murfi iri ɗaya da ƙaramin sikeli, kuma sikelin nan kada ki yi wasa da shi.

Ga dalili. Tumatir fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne. Kwandon da ya cika ido a kasuwa, idan aka tsince ruɓaɓɓe, aka markaɗa, aka tafasa ruwan ya ƙone, abin da ya rage zai ba ki mamaki. Ki auna sau uku: da kin sauke kwando, bayan kin tsince, bayan ya huce. Sannan ki tara duk abin da kika kashe a ranar, har ɗan dako, da kuɗin keke daga kasuwa, da markaɗe, da ruwa, da gas ko gawayi, da roba, da katin waya, da kuɗin kaiwa, da ladan wuninki kamar wata kika ɗauka aiki. Misali kawai, a ce jimilla ta kama dubu 45 kuma kin samu lita 18. Kowace lita ta tsaya miki a 2,500 ke nan. Idan masu saye ba za su wuce 2,600 ba, ribarki ta wuni 1,800 ce, roba ɗaya ta zube kin faɗa asara. A ganina idan bai bar miki aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na farashin ba bayan kin biya kanki, bai kai sana'a ba tukuna. Kada kuma ki karya farashi don a saya a lokacin gwaji. Idan kika yi haka, abin da kika gano kawai shi ne mutane na son araha.

Lissafin nan ki yi shi sau biyu, na rani da na damina. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da noman rani na yankunan Ikara da Soba da Zariya ke sauka, tumatir banza ne. Da ruwa ya fara sauka, wajen Mayu zuwa Yuli, kwando ɗaya na iya ninkawa sau da yawa. Ga kuma annoba: a 2016 tsutsar nan da ake kira tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Ki tambayi dillalai uku a Bakin Dogo nawa kwando ya kai a daminar bara, ki sa wannan farashin a lissafinki. Idan sana'ar rani kaɗai take tsayawa, ki san ta wata huɗu ce, ki yanke shawara da saninki.

Kuɗin kaiwa shi ne ɓarawon da ba a gani. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin keke ya zama abin lissafi. Mai saye ɗaya a Barnawa, ɗaya a Malali, ɗaya a Kawo, ke kuma kina Tudun Wada, kin yi wa mai keke aiki ne. Ki bar zancen kaiwa gida-gida. Ki nemi wurin aiki ɗaya ko biyu inda mata biyar zuwa goma suke tare, ki kai musu gaba ɗaya dab da tashi. Tafiya ɗaya, kuma kowace ta ga 'yar uwarta ta karɓa.

Maganar lafiya ba ta ɗaukar gwaji. Dafaffen abu kada ya wuce awa biyu a zafin ɗaki kafin ya shiga sanyi ko ya isa tukunyar mai shi, a watan Maris da Afrilu ma ki rage. Kada ki bar shi ya huce a babbar tukunya, tsakiyarta na daɗewa da ɗumi, nan ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Ki juye a faffaɗan mazubi marar zurfi. A firij kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa, ki rubuta ranar dafawa a murfin. Wasu za su ba ki shawarar ki zuba a kwalba ki toshe ki ajiye a kanta, tunda ana yi wa zallar tumatir haka. Kada ki yi wa haɗin miya. Tattasai da albasa suna rage tsamin da ke kare tumatir, kuma a rufaffiyar kwalba marar iska wata ƙwayar cuta na iya fitar da guba mai shanye jiki, ba lallai wari ko launi ya canja ba.

Gwajin ya yi mako huɗu cur, domin ya ratsa ƙarshen wata da tsakiyarsa. Ciniki a makon albashi daban, a mako na uku daban. Kada ki yi shi cikin azumi ko makon salla, buƙatar lokacin ba ta kullum ba ce. Kuma ba bashi, ko ga wa. Kafin ki fara, ki rubuta ma'aunin da za ki yi hukunci da shi, ki ba wani babba a gida ya riƙe, saboda idan mutum ya ƙwallafa rai a kan abu yakan yi ta sassauta wa kansa. Nawa ma'aunin ga shi: cikin mata 10, aƙalla 6 su sake saye a mako na huɗu ba tare da kin bi su da kira ba, aƙalla biyu su kawo miki wasu, ribar kuma ta tsaya ko da farashin damina. Sayen farko na iya zama na kara ko na son gani. Na uku da na huɗu ne ke nuna kin shiga cikin cefanen gidan.

Duk wadda ta daina, ki je ki same ta ki tambaye ta dalili, ki yi shiru ki saurara, kada ki kare kanki. A nan ake tsintar ainihin sana'ar. Ƙila ki ji sun fi son ɗanyen markaɗe su soya da hannunsu, kin huta da kuɗin gas. Ƙila yajin ne, sai ki ware attaruhu a ƙaramin ƙulli. Ƙila ma ki gane masu abincin sayarwa ko ɗaliban jami'ar jihar Kaduna (KASU) da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna (Kadpoly) sun fi ma'aikatan buƙatarki. Abu ɗaya za ki canja a lokaci guda, ki sake gwada mako biyu, in ba haka ba ba za ki san wanne ya yi aiki ba.

Idan ma'aunin ya cika, ki sayi abin da littafinki ya nuna ya fi takura miki. Idan layin markaɗe ne ke cinye safiyarki, injin ne farko, kuma maƙeran kasuwar Panteka suna haɗa shi, ki tafi da wanda ya san inji ya duba miki. Firiza sai oda ta fi ƙarfin dafawar wuni ɗaya, kuma ki haɗa kuɗinta da na abin da zai riƙe ta idan an ɗauke wuta, sola ko janareta da mansa. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, za ta ba ki damar buɗe asusun banki da sunan sana'ar, kuɗin gida su daina cakuɗuwa da jari. Ranar da kika yi niyyar manna wa robar suna ki ajiye a shaguna, sai kin bi ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, tukuna, suna da ofis a nan Kaduna, ki je ki ji sharuɗɗansu na wurin dafawa kafin ki kama hayar ɗaki.

Idan kin gama hirar mata 30 ɗin, ki sake bugowa shirin da littafinki a hannu, mu duba amsoshin tare kafin ki karɓi kuɗin kowa.

Wassalam,
Yayanki.