Yaro Mai Kunya Da Ake Warewa A Wajen Wasa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan yaran da muke yabo da kunya, alhali wasunsu tsoron shiga cikin tsara ne yake damun su.

A makarantar firamaren da nake koyarwa a Gwale akwai wata yarinya da kullum aka fita tara sai ta jingina da bango tana murza gefen hijabinta, sa'o'inta kuwa suna 'yar gala-gala. Da farko sukan kira ta, amma da suka ga ba ta amsawa sai suka daina, har suka laƙaba mata "kurma". Wariyar ta ƙara mata ɗari-ɗari, ɗari-ɗarin kuma ya ƙara nesanta ta da su.

Masanin halayyar yara Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya nuna cewa wasu yara da wannan ɗabi'a ake haifar su, saboda haka tsawa ba ta magance ta. Abin takaici, a ajin da ya cika maƙil malami ba ya lura da wanda bai tayar da hayaniya ba. Ni dai na haɗa ta da yarinya ɗaya tak suna raba littattafai, yanzu tare suke tafiya gida.

Naka,
Wani malamin firamare,
Gwale, Kano.