Wasiƙar Godiya ga Cibiyar Binciken Kansa ta Knight, Portland, Amurka

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan cibiyar, musamman Dakta Brian Druker da abokan aikinsa na ɗakin gwaji,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ba ku san ni ba, kuma ba lallai wasiƙar nan ta iso hannunku ba. Na rubuta ta ne a bainar jama'a don mutanenmu su san daga inda ƙwayar maganin sankarar jini da ke riƙe da Yayana ta fito.

Yaya ɗan kasuwa ne. Ciwon ya fara masa da kasala da gumin dare, sai rama, sai ɓangaren hagu na cikinsa ya yi tauri har ya daina iya cin tuwo ya ƙoshi. Gwaji ya nuna saifarsa ta kumbura, fararen ƙwayoyin jininsa sun yi yawa fiye da kima. Likita ya ce sankarar jini ce, irin wadda suke kira CML. A da, mai wannan cuta sai dai a yi masa dashen ɓargo idan an dace, ko allurar interferon mai wahalarwa, ko magungunan rage yawan ƙwayoyin jini waɗanda ba sa hana cutar rikiɗewa.

Asalin matsalar an daɗe da gano shi. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani guntun kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin jiki) a jinin masu cutar, aka sa masa sunan birnin Philadelphia. A 1973 Janet Rowley ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure. Wannan haɗi shi ke haifar da furotin BCR-ABL, wanda ke ta umartar ɓargo ya ƙera ƙwayoyin jini ba tsayawa, kamar famfon da kansa ya lalace. Sanin haka bai warkar da kowa ba. Masana da dama ma na ganin ba za a sami maganin da zai toshe wannan furotin shi kaɗai ya ƙyale ire-irensa masu amfani a jiki ba.

A nan ne Dakta Druker ya dage. Bayan ya koma Oregon, jihar da Portland take, a 1993, ya gwada sinadaran da Nicholas Lydon ya aiko masa daga kamfanin Ciba-Geigy na birnin Basel a Switzerland, ya ga ɗaya daga ciki yana kashe ƙwayoyin cutar yana barin lafiyayyu. Sunan Jürg Zimmermann, masanin haɗa sinadarai da ya ƙera shi, ba a cika ambatonsa ba, kuma a ganina hakan bai dace ba. Shi ma muna gode masa. A 1998 aka fara gwaji a kan mutane, kuma cikin majinyata 54 da suka sha miligiram 300 ko sama da haka a rana, jinin 53 ya daidaita. A watan Mayun 2001 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin, wato imatinib, wanda a nan muka fi sani da Glivec. Lambar yabo ta Lasker da aka ba ku, Dakta Druker, a 2009 tare da Lydon da Charles Sawyers, wallahi kun cancance ta.

Mu ta hanyar asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife maganin ya iso mana, ƙarƙashin shirin tallafi na kamfanin Novartis da gidauniyar Max. Tafiyar akwai nisa daga Arewa, kuɗin mota ba wasa ba, amma ina za a haɗa da sayen maganin da aljihunka?

Yanzu Yaya kan sha miligiram 400 bayan abinci da kofi babba na ruwa. Wani lokaci yakan tashi da kumburin fatar ido, ko ƙafa ta ɗaure masa da dare, yana mita. Saifar dai ta koma, ya mayar da jikinsa, kuma shi ya tsaya a matsayin waliyyi ranar ɗaurin auren 'yarsa.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara basira.

Taku,
ƙanwar wani majinyaci, daga Zariya