Zuwa ga Bashir, game da takwaransa

Tudun Wada, Kaduna
Daren Lahadi

Assalamu alaikum, Malam Bashir, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Ingila? Mu nan hunturu ya sauka da ƙarfinsa, da safe ko ƙarshen gadar Kawo ba ka hangowa saboda hazo, leɓe duk ya tsattsage. Hajiya tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne. Maganin ƙafarta ya iso, Allah ya saka da alheri.

Za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa maimakon saƙon murya. Sau uku ina danna wayar in fara magana, sai in goge. Bashi ne na zo biya. Ka tuna ranar da ka ce min a asibitin da kake aiki an sa ku wani darasi na mako takwas, ku zauna shiru kuna lura da numfashinku, irin wanda Jon Kabat-Zinn ya fara a Amurka a 1979? Na ce maka Turawa sun gano halwa sun sa mata kuɗi. Na tambaye ka me kake ji in ka zauna ɗin, ka yi shiru, can ka ce, "Wallahi ba zai faɗu ba." Na yi maka dariya har da tari. To, na janye dariyar, kuma ɗana, takwaranka, shi ya sa.

Da ƙaramar Sallah ya cika shekara bakwai, har yanzu bai ce uffan ba. A waya kullum ce maka nake yi "yana nan lafiya", kai kuma kana min kara ba ka tonawa. Yau bari in faɗa maka yadda abin yake.

Yana shekara biyu muka ce nauyin baki ne, ai ni ma an ce na yi jinkirin magana. Daga nan muka zaci kurma ne, amma yaron da ke jin ƙarar ledar biskit daga tsakar gida yana ƙuryar ɗaki ba kurma ba ne. Abin da ya fi ɓatar da mu kuwa al'adarmu ce. Ba ya kallon idon mutum, mu kuma a wurinmu yaron da ke sunkuyar da kai gaban manya shi ne mai ladabi. Baƙi su zo su ce, "Kai, wannan yaro da kunya yake!" mu yi ta jin daɗi. Alamar da likita zai fara tambaya a kai, mu yabo muka mai da ita. Bayan haka sai shawarwari suka yi ta zuwa: a kai shi wanzami ya duba linzamin harshe, a yi ruƙiyya, a ba shi rubutu, wata gwaggo ma ta ce uwarsa ta tsallaka wani abu da magariba tana da cikinsa. Wata makaranta ta karɓe shi mako biyu, ta dawo mana da shi da ragowar kuɗinmu a ambulan.

A asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa aka kira mana sunan abin, otizim. A rediyo galahanga suke cewa, sai dai kalmar ta zama buhu, kowace lalurar yara a ciki ake zuba ta. Likitar ta zaunar da mu ta ce ba aljanu ba ne, ba laifin uwa ba ne, yadda ƙwaƙwalwarsa ta ginu ne tun farko, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Na tambaye ta batun allurar rigakafi, ko ita ke jawo shi, don ka san mutanenmu, ta ce binciken da ya tayar da wannan ƙura a Ingila a 1998 an gano na bogi ne, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010. Daga baya na karanta cewa tun 1943 wani likita, Leo Kanner, ya bayyana lalurar a kan yara 11 a Amurka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Wasunsu suna magana har su ishe ka, wasu kuma, kamar ɗaya cikin huɗu ko fiye, kalmominsu ba su taka kara sun karya ba. Na yi lissafi da makarantar da nake koyarwa: yawan ɗalibanmu ya isa a ce akwai biyar ko shida. Ban ga ko ɗaya ba. Suna gida, an ja musu labule.

Ni kuma nawa laifin ga shi. Shekara huɗu ina farautar kalma ɗaya. Kullum bayan la'asar in kama haɓarsa in juyo da fuskarsa, in ɗaga biskit sama, "Ce Baba. Ba-ba." Ya yi ta fizgewa, ya yi ihu, ya ciji bayan hannunsa. Har ya kai in ya ji ƙarar babur ɗina a ƙofar gida sai ya shige bayan labule. Malamin Hausa guda, mai koya wa yaran mutane karin magana, ɗansa yana ɓuya in ya ji shi.

Azumin bara na shiga i'itikafi a masallacin unguwarmu, karo na farko a rayuwata. Gaskiya ba tsabar ibada ce ta kai ni ba, gajiya ce. Kwana ukun farko bakina a rufe yake amma cikin kaina kamar Kasuwar Barci ranar jajibiri: bashin mai shago, gardamar da na sha kaye a cikinta shekara goma da suka wuce, amsar da ya kamata in ba gwaggon nan. Wajen dare na biyar, bayan tahajjud, ina jan carbi, sai surutun ya lafa. Kalmomin zikirin suna nan a harshena, amma ba ni nake tura su ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan, duk abin da na ƙara a kai ƙawa ce kawai. A nan na tuna da kai da "ba zai faɗu ba" ɗinka.

Akwai wani dattijo da shimfiɗarsa ke kusa da tawa. A kwana goma ba mu yi magana ta kirki sau biyar ba, ko sunansa ban tambaya ba. Amma in na farka sai in tarar ya turo min buta cike da ruwa, ni kuma na gane in ya fara murza gwiwa yana son jingina ne, sai in matsa in bar masa ginshiƙin. Daren da aka ga wata muka yi musabaha, ya riƙe hannuna ya daɗe, idonsa ya kawo ruwa. Akwai abokan aikin da muka shekara goma sha biyar muna hira a ofishin malamai, ban san su kamar yadda na san wannan tsoho ba.

Ka tuna labarin Imamu Gazali da Malam ya ba mu a zaure? Mai ɗalibai 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, a 1095 harshensa ya ƙulle, ya kasa ba da darasi ko ɗaya. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya bar komai ya tafi Dimashƙa, yana hawa hasumiyar masallaci ya kulle kansa wuni guda. Abin da ya fito da shi shi ne, sanin ma'anar lafiya daban, zama lafiyayye daban, kuma akwai ilimin da sai an ɗanɗana. A lokacin haddace shi muka yi don kada a tambaye mu mu ji kunya.

Na dawo gida bayan Sallah. Takwaranka yana da wani abu da yake yi kullum: ya sami ƙwaryar gero, ya dinga ɗiba yana zubarwa ta tsakanin yatsunsa, yana kallon yadda yake sauka, yana rangaji gaba da baya da wani ɗan gunji a maƙogwaro. Da can ƙwacewa nake yi. Ran nan na tsaya ina kallo, sai na ga ai rangajin nan shi ne na makarantar allo, shi ne na masu wazifa, yatsun nan kuma ba su da maraba da nawa a kan carbi. Mu in mun yi, natsuwa ce; shi in ya yi, mu ce ciwo. Na shimfiɗa tabarma a gefensa, ban fuskance shi ba, na ɗebi geron na fara zubarwa. Ban ce komai ba. Ya ja ƙwaryarsa ya juya min baya.

Haka muka yi kusan mako uku. Wata ranar Alhamis na zuba nawa, sai na ji gunjin ya tsaya. Ya zuba nasa, ya dakata. Na zuba, ya zuba. Bashir, jirana yake yi! Can sai ya kama wuyan hannuna, ya ɗaga shi sama kaɗan, ya buɗa min yatsu, wato ba daidai nake yi ba, daga sama ake sako shi don ya yi tsawo a iska. Bai kalle ni ba ko sau ɗaya. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A wurin wannan yaro hannu ake tambaya. Sai da na shiga bayi na wanke ido kafin uwarsa ta gani.

Da na ba ta labari da daddare ina ta zumuɗi, kallona kawai ta yi ta ce, "Yau ka sani?" Ashe ita gunjinsa ma ta rarrabe shi: akwai na yunwa, akwai na jin daɗi, akwai wanda in ya fara to a kashe rediyo. Mai koyar da shi magana kuma ta ce abin da na yi hanya ce sananniya, wasu malamai biyu a Ingila, Dave Hewett da Melanie Nind, suka tsara ta a shekarun 1980, kuma daga wasan uwa da jariri suka kwaikwayo ta. Ka ga ni da digirina, sai da na kwana goma a masallaci kafin in iso inda mai ɗakina ta daɗe da zama.

Amma kada ka ɗauka na zama cikin masu cewa yaron waliyyi ne, don akwai masu faɗa min haka, kuma ba na jin daɗinsa. Shirun da na yi a i'itikafi ni na zaɓe shi, ranar Sallah na fito na ci gaba da surutuna. Annabi Zakariyya kwana uku aka ba shi, kuma aka bar masa nuni. Shi takwaranka ba a tambaye shi ba. Shirun nasa ma ba lafawa ba ce irin wadda na samu: janareton maƙwabta, lasifikar masu biki, hon ɗin Keke Napep, duk a kansa suke sauka kamar duka, gero da rangajin mafaka ce yake yi wa kansa. A watan jiya ya kwana uku yana kuka yana buga kai da bango. Mun duba ciki, mun duba kunne, mun yi tofi. A rana ta huɗu aka gano haƙori ne ya rube can ciki. A waɗannan darare da za a sayar min da kalmar "haƙori" a bakinsa, da na ba da babur ɗin da albashin shekara. Har gobe addu'ar Annabi Musa nake yi masa a sujada, Allah ya warware ƙullin harshensa.

Shi ya sa muka fara aiki da hotuna. Tsari ne da aka fito da shi a Amurka a 1985, yaro ya miƙa hoton abin da yake so a ba shi. Na ɗauki hoton kofinsa, da kunu, da bayi, da fanka, da baki da kunne da ciki, aka buga min aka lulluɓe su da leda. Yanzu yana amfani da tara. Wanda ya fi kawowa shi ne na jirgin ƙasa, tun ranar da muka raka ƙanina tashar Rigasa. Duk Asabar sai mun je mun tsaya daga nesa, ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ya zuba wa taragun ido har su ɓace. Hotona ma yana cikin katunan. Sau ɗaya ya taɓa ɗaukarsa, ya kai wa uwarsa ina makaranta. Ita ta ce nemana yake yi. Ni na ce wataƙila babur ɗin da ke bayana a hoton yake so, mun bar ta a haka.

Alfarma ɗaya nake nema. In za ka zo da babbar Sallah kamar yadda ka ce, ka samo masa abin toshe kunnen nan mai kama da na masu aikin filin jirgi, na yara, mai laushi, kada ya matse kai. Shuɗi in da hali, ba ya son ja. Kuma in ka shigo gidan kada ka miƙa masa hannu, kada ka ce "ba ka gaishe da takwara ba?" Ka nemi gefensa na hagu ka zauna, zan ajiye maka taka ƙwaryar. Daga sama ake sakowa.

Ka gaishe min da madam da yara, da duk mutanenmu na can.

Naka,
Sani