Wasiƙa zuwa ga ɗana kafin tafiyarsa Cape Coast da Elmina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke a nan gida, na sami saƙonka da kake shaida mini cewa an ba ka hutun kwana huɗu a wurin aiki, kuma kana so ka bar Accra ka tafi Cape Coast da Elmina, garuruwan gaɓar tekun Ghana, kai kaɗai. Mahaifiyarka ba ta so ba da farko, kuma tana da hujja, domin ta tuna mini hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ja kunnen matafiyi game da tafiyar dare shi kaɗai. Mun zauna mun yi shawara, mun amince maka, bisa sharaɗin cewa zuwa da komowa duk da rana za ka yi su. Na zaɓi in rubuta maimakon in faɗa maka ta waya, saboda na taɓa taka waɗannan garuruwa tun kana goye, kuma akwai abin da na gani a can wanda ba ya faɗuwa cikin gaggawa.

Sha'anin hanya ba shi da yawa. Ka yi sammako zuwa tashar Kaneshie, domin nisan bai wuce kilomita 150 ba, amma cunkoson motoci a wajen Kasoa yana iya cinye maka rabin yini idan ka makara. Ka kama masauki mai gidan sauro, ka aiko mana da sunansa, ka raba kuɗinka gida biyu, kada ka zuba su a aljihu ɗaya. Tunda kwana uku za ka yi a can, ba ka kai niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, saboda haka ƙasaru ta halatta gare ka. Da ka sauka, ka shiga kasuwar Kotokuraba ka tambayi hanyar Zango, ka yi salla tare da jama'a, ka gaida limami ka gaya masa daga inda kake da kuma inda ka sauka. Baƙon da ya gabatar da kansa a masallaci ya daina zama shi kaɗai, ko da bai san kowa ba. A can za ka ji Hausa mai ɗan bambanci da tamu, za ka sami koko da ƙosai da safe, da shinkafa da wake da suke kira waakye, wanda sunan ma daga bakinmu aka same shi. Ka ɗanɗana dokunu, wato tuwon masara mai tsami na Fante, mutanen wannan gaɓa, wanda ake naɗewa a ganyen agade, da kifin da aka kamo a ranar.

Abin da ya fi damuna shi ne teku. Kai ɗan tudu ne, ruwan da ka sani bai wuce na kududdufi da na madatsar Tiga ba, kuma tekun wannan gaɓa ba irinsu ba ne. Na shiga iya gwiwa sau ɗaya, sai na ji igiyar ruwa da ta koma tana janye yashi daga ƙarƙashin ƙafafuna, tana ja na ciki da ƙarfin da ban taɓa zato ba, wani masunci ne ya daka mini tsawa na fito. Za ka ga yaran garin suna faɗawa ciki suna wasa, kada wannan ya ruɗe ka, su a bakinsa aka haife su. Ka zauna a gaɓa ka kalla, ya ishe ka. Ina roƙonka wannan, ba shawara kawai nake ba ka ba.

Na san abin da ya ja hankalinka shi ne manyan gidajen dutsen nan farare masu ganuwa da igwa da ka gani a hotuna, kuma a kansu nake so in tsaya. Na Elmina mutanen Fotugal ne suka gina shi a 1482, kuma shi ne ginin Turawa mafi daɗewa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara. Zinariya ce ta kawo su da farko, daga baya cinikin ya koma na mutane. Mutanen Holan sun ƙwace shi a 1637, bayan sun hau tudun da ke fuskantarsa sun kafa igwa, Ingilishi kuma suka karɓa a 1872, har suka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a cikinsa a 1896 kafin su fitar da shi daga ƙasar. Na Cape Coast ya faro ne daga wani ƙaramin sansani da mutanen Suwidin suka kafa a 1653, Ingilishi suka kama shi a 1664, garin kuma ya zama mazaunin mulkinsu har zuwa 1877 da aka mayar da shi Accra. Ka riƙe waɗannan shekaru a ka kafin ka shiga, don kada maganar ɗan jagora ta zame maka sabuwa, hankalinka ya tafi wajen lissafi ya bar abin da ke gabanka.

Abin da ke gabanka kuwa kurkuku ne. A Cape Coast za a gangara da ku wani rami mai duhu inda ake tara ɗaruruwan maza, hasken da ke shiga bai wuce na 'yar taga ɗaya can sama ba, kuma za a gaya maka cewa daɓen da kake takawa ba dutse ba ne zalla, ƙazantar mutane ce da jininsu suka daskare shekara da shekaru. Daidai saman wannan rami aka yi majami'a, wato ana addu'a a sama ana nishi a ƙasa. A Elmina za a nuna maka farfajiyar da ake fito da mata, da barandar benen da gwamna ke tsayawa ya zaɓa. Daga ƙarshe za a kai ku ƙofar da ake kira Ƙofar Ba Komowa, wadda ke buɗewa zuwa teku. Ta Elmina siririya ce ƙwarai, mutum ɗaya ke wucewa, shi ma sai ya karkace. Mutanen da aka ɗora a jiragen ruwa daga gaɓar Afirka zuwa ƙasashen Amurka sun haura miliyan 12, amma ni ban fahimci wannan adadi ba sai da na tsaya a bakin wannan ƙofa iskar teku ta buge ni.

Saboda haka ka shiga wurin kamar yadda kake shiga maƙabarta. Ka rage murya, ka mayar da wayarka aljihu, kada ka tsaya a bakin ƙofar nan kana murmushi ana ɗaukarka hoto. Za ka tarar da baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika da Burazil, wasu suna kuka a fili, wasu sun kawo furanni sun ajiye a kurkukun. Ba yawon buɗe ido suka zo ba, kakanninsu suka zo nema, kuma ba su da kabarin da za su ziyarta sai wannan ɗaki. Ka ba su wuri, kada ka ƙura musu ido, idan ɗayansu ya yi maka magana ka saurare shi da kyau.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da ba na so ka ji ta daga bakin wani kafin ka ji daga nawa. Yana da sauƙi Bahaushe ya tsaya a Elmina ya la'anci Bature ya fito zuciyarsa wasai, kamar labarin bai shafe shi ba. Ya shafe mu ta fuska biyu. An kama Hausawa an sayar, mafi yawansu ta Legas da Wida, da ke Jamhuriyar Benin ta yau, aka fitar da su, har aka san su da tawaye a Bahiya ta Burazil tun 1807, kuma a boren Musulmi na 1835, wanda aka yi cikin Ramadan, an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda suka faɗi. Amma kuma fatakenmu na Gwanja, waɗanda muke alfahari da su, irin su kakan mahaifina, da suke wata da watanni a hanya da jakuna su kai kanwa da baƙaƙen tufafin rini da fatu kasuwar Salaga su komo da goro, ayarinsu ba kaya kaɗai yake ɗauka ba. Salaga kasuwar goro ce, kasuwar bayi ce kuma, kuma hanyar da goro ya biyo ya zo Kano ita wasu bayin Allah suka bi a ɗaure suka yi kudu. Ingila ta haramta cinikin a 1807, amma a kasuwanninmu ya ci gaba kusan shekara ɗari bayan haka. Ban san abin da kakanmu ya saya ko ya sayar ba, kuma ba na tuhumarsa, sai dai ba zan yarda ɗana ya shiga wannan gida da girman kai ba. Ka yi wa waɗanda suka wuce ta nan addu'a, ka nema wa magabatanmu gafara.

Kada ka haɗa gidajen biyu a yini ɗaya, ko da yake tsakaninsu bai kai kilomita 15 ba. Zuciya ba ta ɗaukar duka biyun a jere, na biyun zai zame maka kallon bango kawai. Ka ba Cape Coast rana ɗaya, Elmina rana ɗaya. Za a yi ta kwaɗaita maka dajin Kakum da gadojinsa na igiya da aka rataya a kan dogayen itatuwa, wuri ne mai kyau, amma a kwana huɗu ban ga gurbinsa ba, ka bar shi sai wani zuwan. Idan lokaci ya ragu, gara ka hau hanyar Kumasi zuwa Assin Manso, inda rafin da ake yi wa bayi wankan ƙarshe yake.

Ba na so kuma ka komo da zaton cewa garuruwan nan kaburbura ne kawai. Mutane suna rayuwa a cikinsu, suna kiransu da sunayensu na asali, Oguaa da Edina. Ranar da za ka je Elmina ka fita bayan sallar asuba, ka tsaya a kan gadar da ke bakin tafkin Benya, ka ga kwalekwalen Fante masu fenti da tutoci suna shigowa, mata suna jira da manyan kwanoni, ana ciniki da ƙarfi, hayaƙin bandar kifi yana tashi. Ka lura dai kada ranar ta zama Talata, domin masuntan wannan gaɓa ba sa fita teku ran Talata bisa al'adarsu. Ka nemi izini kafin ka ɗauki kowa hoto, idan aka ce a'a ka yi godiya ka wuce. Matasa za su tare ka a ƙofar gidan dutsen su tambayi sunanka don su rubuta maka shi a jikin ƙwaryar dodon koɗi su nemi kuɗi, ka amsa musu da fara'a, ka ba da abin da ka yi niyya ko ka ba da haƙuri, neman abinci suke yi. Da la'asar ka hau tudun Saint Jago, daga can za ka ga gidan da garin da teku gaba ɗaya, ka zauna kai kaɗai har rana ta kusa faɗuwa, sa'annan ka sauko tun da sauran haske.

Ka tafi da ɗan littafi da alƙalami, kowane dare ka rubuta abin da ka gani kafin ka kwanta, domin ina so idan ka zo gida da salla ka karanta wa ƙannenka. Ka kira mahaifiyarka kullum bayan magariba, ko da minti biyu ne, ka san ba za ta runtsa ba sai ta ji muryarka. Tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Allah ya kai ka lafiya, ya komo da kai lafiya, ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifinka