Masu son ƙara kwanaki a Turai bayan an sallami ayari: a shirya tun daga Damagaram

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku domin jan hankalin ƴan'uwa, musamman ƴan kasuwa da ma'aikata na nan Damagaram, masu biyan kuɗin yawon buɗe ido a Turai cikin ayari, da niyyar in an sallami ayarin su ratse su ga wani gari ko su gai da dangi. Niyyar ba ta da laifi. Abin da ke ɓata ta shi ne a bar shirinta sai daren ƙarshe a otal, alhali kwanakin da mutum zai iya ƙarawa an yanke su tun ranar da ya miƙa takardun neman biza.

A buɗe fasfo a duba bizar Shengen da aka manna, wato bizar bai-ɗaya ta shiga yawancin ƙasashen Turai. Akwai ranar farawa da ranar ƙarewa, sannan akwai gurbi dabam mai nuna adadin kwanakin zama. Yawancin mutane ranar ƙarewa kaɗai suke kallo. Ofishin jakadanci yakan ƙara kwana 15 a kan wa'adin ko da tafiyar za ta ɗan gusa, amma wannan bai ƙara ko kwana ɗaya a kan adadin zama ba. In an rubuta kwana 10, to goma ne, kuma ranar sauka da ranar tashi duk suna cikin lissafi. Tun Oktoban 2025 aka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kwamfuta a bakin iyaka, saboda haka ko kwana ɗaya mutum ya zarce sai ya fito, kuma yana iya jawo masa a hana shi biza nan gaba.

Maganin shi ne a saka kwanakin ratsen cikin takardu tun farko: shaidar kama ɗaki a otal ko takardar gayyata daga wanda za a sauka wurinsa, tikitin dawowa mai ɗauke da ainihin ranar, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 wadda ta kai har ranar ƙarshe. Inshorar da kamfanin tafiya ya yi wa ayari takan ƙare ne ranar da ayarin ya watse. Kuma ƙasar da za a fi daɗewa cikinta ita ce ke da hurumin ba da bizar, don haka ratse mai tsawo yana iya canza ofishin da za a nufa. Kuɗin bizar yuro 90 ne, kusan jika 59 na sefa, kuma ba a mayar da shi in an ƙi. Tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, a fara binciken ofishin da za a nufa da watanni a gaba.

Masu ɗokin Landan su sani Ingila ba ta cikin Shengen. Jirgin ƙasa daga Paris awa biyu da ƴan mintuna ne, amma a tashar Paris ɗin ake duba fasfo, wanda ba shi da bizar Ingila a nan zai tsaya. Wanda kuma bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, mai alamar 01, da zarar ya fita zuwa Landan ko Istanbul ko Maroko, ba shi da hanyar komawa ƙasashen Shengen.

Sai tikitin jirgin sama. Na ayari a dunƙule ake sayensa, canza ranar mutum ɗaya bayan an fitar da shi yana da tsada, wani lokaci ma ba ya yiwuwa. A gaya wa kamfanin tun kafin a biya. Abin da ya fi shi ne a nemi tikiti mai sauka a wani gari, tashi daga wani, misali a sauka Paris a taso daga Madrid. Kada kuma a yi dabarar tsallake zango ɗaya da nufin tarar jirgin a gaba, domin wanda bai hau zangon farko ba, sauran tikitinsa duka ake sokewa.

Zirga-zirga a cikin Turai kuwa, a ganinmu kayan da ke hannun mutum su ne za su zaɓa masa abin hawa. Bahaushe ba ya dawowa hannu rabbana, kuma tikitin da ya zo da shi daga gida sau da yawa akwati biyu ne masu kilo 23 kowanne. Jiragen araha irin su Ryanair ƴar jakar da za ta shiga ƙarƙashin kujera kaɗai ke kyauta, kowane akwati da kuɗinsa, in kuma sai a filin jirgi aka biya, farashin ya fi haka. Filayensu ma sukan yi nisa: Bobe, inda Ryanair ke sauke fasinjan Paris, kusan kilomita 85 ne daga birnin. In an haɗa kuɗin kaya da na mota, araha ta gudu.

Jirgin ƙasa ya fi wa mai kaya sauƙi, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari. Paris zuwa Burusel bai kai awa ɗaya da rabi ba, Paris zuwa Liyon awa biyu, Roma zuwa Fulorans awa ɗaya da rabi. Farashin masu gudu yana hawa ne yayin da ranar ke matsowa, a saya da makonni a gaba. Tikitin gama-gari na Eurail ba ya biyan kansa a tafiya biyu ko uku, tunda a Faransa da Italiya da Spaniya sai an sake biyan kuɗin kujera a jirage masu gudu. A karanta sunan tasha da kyau: a Paris mai zuwa Burusel daga Gare du Nord zai tashi, mai zuwa Marsai daga Gare de Lyon. A Italiya, tikitin takarda na ƙananan jirage sai an buga shi a na'urar da ke bakin dandamali kafin a hau, in ba haka ba tara ce. Manyan motoci irin su FlixBus sun fi araha, sai dai Paris zuwa Burusel kusan awa huɗu ne. Hayar mota ba mu ba da shawararta ga baƙon kwana uku, ga kuɗin jingina da ake riƙewa a katin banki, ga unguwannin da kyamara ke cin tarar duk motar da ta shiga ba da izini ba.

Wanda ya tambaye mu inda ya cancanci ratse, Andalus, a kudancin Spaniya, za mu ce masa. Daga tashar Atocha ta Madrid zuwa Kurɗuba bai kai awa biyu ba, a iso da wuri domin ana saka kaya a na'urar bincike. Babban masallacin da Abdurrahman na ɗaya, sarkin Andalus, ya fara ginawa wajen shekarar 785 yana nan da ɗaruruwan ginshiƙansa da bakunansa masu ratsin ja da fari, amma yanzu coci ne, ba a yarda a yi salla a ciki ba. A Garnaɗa, tikitin fadar Alhamra da sunan mutum da lambar fasfonsa ake sayarwa, ɓangaren fadar sarakunan Banu Nasr kuma da ƙayyadadden lokaci ake shiga, wanda ya makara ya rasa. Tikitin yakan ƙare da makonni kafin ranar, don haka shi za a fara kamawa, sannan a ɗora jirgi da otal a kansa. Salla kuwa akwai masallacin unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, daura da fadar.

A koma garin da jirgin gida zai tashi ana gobe tafiya, a kwana can. Jirgin ƙasa da jirgin sama tikiti biyu ne dabam, in yajin aiki ko jinkiri ya sa an makara, babu wanda zai biya asarar. Haka ma a wannan ɓangaren, a bar kwana ɗaya a Yamai kafin a kama hanyar kilomita kusan 900 zuwa gida.

Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya.

Naku,
Wasu masu harkar tafiye-tafiye,
Damagaram